Baƙin layi a ƙasan hoto, da farar shadda mai fitowa toka-toka

Ɗan Mabera: Salamu alaikum manyanmu. Idan aka ɗaure filasha a sanda da ƙaramar tiriga (na'urar da ke sa filasha walƙa daga nesa), aka kai shota 1/500, sai ƙasan hoton ya yi baƙi. Idan kuma aka mayar da ita kan kyamara aka sa TTL (tsarin da kyamara ke zaɓar ƙarfin filasha da kanta), ango mai farar shadda sai ya fito dishi-dishi. Filashar ce ta lalace?

Mai Hoto Arkilla: Wa alaikumus salam ƙanena. Lafiyarta lau. Shotar kyamara labule biyu ce: na farko ya buɗe, na biyu ya biyo ya rufe. A 1/200 ko 1/250, gwargwadon kyamara, akwai lokacin da sensa, wato abin da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara, take buɗe gaba ɗaya, a nan filasha take walƙawa. Da ka wuce haka, labule na biyu zai taso kafin na farko ya kai ƙarshe, sai ya zama siririyar kafa ce ke ratsa sensar. Walƙiyar kuwa gajeriya ce ƙwarai, don haka inda labule ya rufe ba ya samun haske. Baƙin layin ke nan.

HSS (High Speed Sync), wanda Nikon ke kira Auto FP, shi ne maganinsa: filasha ta yi ta ƙyaftawa da sauri ƙwarai har kafar ta gama wucewa. Sai dai dole kyamara da tiriga da filasha, ukun duka, su iya shi. Nikon D3500, misali, ba ta da shi.

Gawon Nama Studiyo: Malam ya gama da wannan. Batun shadda kuma, TTL tana sakin ƙaramar walƙiya kafin ta ainihi, kyamara ta auna abin da ya dawo ta cikin lens, sannan ta yanke ƙarfin da za a saki. Ba ta san fari ba, ba ta san baƙi ba, matsakaici take nema. Shadda mai ƙyalli ta dawo da haske da yawa, sai ta rage ƙarfi. Ƙara diyyar filasha, wato saitin ƙara ko rage ƙarfin da TTL ta zaɓa, zuwa +1, ga mai duhun kaya kuma ka rage zuwa -2/3. Ko ka saita tsakiya a kan fuska ka danna maɓallin kulle ƙarfin filasha, FEL a Canon, FV a Nikon, sannan ka gyara tsayuwar hoton. Wannan ma yana rage ƙyafta ido, don walƙiyar gwaji ta riga ta wuce.

Runjin Sambo 02: Ni shawarata kada a ɗauki HSS abin kullum. Da ka shiga shi, sau da yawa abin da zai rage na ƙarfin filasha bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, ga cin batir, ga zafi. A ranar Sakkwato ta watan Afrilu filasha kan ɗauke da kanta don kare fitilarta, ana tsakiyar ɗaurin aure.

Yi lissafi. Da tsakar rana a ISO 100 da 1/200 buɗewar lens na wajen f/11. Kana son f/2.8 don bayan amarya ya narke, mataki huɗu ke nan, kowanne na ninka haske biyu, shota za ta kai 1/3200. Maimakon haka ɗaura gilashin ND16, mai rage haske mataki huɗu, a gaban lens, ka zauna a 1/200 da f/2.8, filasha na walƙiyarta guda cikakkiya. Idan HSS ɗin ya zama dole, matso da ita: daga mita 4 zuwa mita 2 hasken ya ninka huɗu. Lokacin hunturu kuma ka raba ta da saman kyamara, in ba haka ba ƙura za ta fito ɗigo-ɗigo fari a hoton.

Ɗan Mabera: Allah ya saka da alheri. Tirigar tawa mai fil ɗaya ce a ƙasa.

Mai Hoto Arkilla: To ita "walƙa" kawai take iya faɗa wa filasha, ba TTL ba HSS. Tsaya a 1/200 har ka samu mai fil da yawa wadda aka yi don kyamararka.