Ƙuma ta addabi magena, ga jarirai tana shayarwa

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa, dan Allah wa ya san maganin ƙuma a jikin mage? Tawa tun da damina ta kankama ba ta da aiki sai susa, wuyanta da gindin wutsiyarta gashin duk ya zube, in na buɗa gashin sai in ga wani baƙin gari-gari a kan fatar, ga 'ya'ya uku ta haifa ko wata ɗaya ba su yi ba su ma abin ya hau su. Yanzu har yarana sun fara kukan cizo a ƙafa. Maƙwabciyata ta ce in fesa mata fiya-fiya ko in shafa kananzir amma hankalina bai kwanta ba wlh.

Abu Sadiq:
Hajiya dan girman Allah kar ki kusanto ta da fiya-fiya ko Sniper ko kananzir. Mage kullum cikin lasar jikinta take, duk abin da kika shafa mata cikinta zai tafi, kuma 'ya'yan ma su sha a wajen shan nono. Har wanka da Dettol ko Izal yana cutar da su. Sannan in kin je shagon maganin dabbobi kar ki yarda a ba ki na kare wai ai duk ɗaya ne, da yawa daga cikin na karnuka akwai permethrin a ciki, shi kuma guba ne ga mage, za ki ga tana dalalar da yawu tana karkarwa, in ba a yi sauri ba ta mutu.

Baba Yaro:
Gaskiya Abu Sadiq ya faɗa. Wannan baƙin garin kashin ƙumar ne 'yata, ki karkaɗe shi a kan farin ƙyalle mai danshi za ki ga ya koma ja-ja, jinin magen ne da suka tsotsa. Ki nemi maganin ɗigawa na mage mai fipronil, irin su Frontline, ki buɗa gashin ƙeyarta daidai inda harshenta ba ya kaiwa ki matse a kan fatar ba kan gashi ba, kar a yi mata wanka sai bayan kwana 2, duk wata a maimaita. Tunda tana shayarwa ki gaya wa likitan dabbobi kafin ki saya. Jariran kuma ba a ɗiga musu sai sun kai sati 8. Su ki samu mataji mai ƙananan haƙora ki riƙa taje su kullum, ki aje kwanon ruwan sabulu a gefe, duk ƙumar da ta fito ki tsoma ta ciki dan in kika sake ta tsalle za ta yi. Ki riƙa ɗaga leɓensu kina duba dasashi, in ya yi fari jininsu ne ke ƙarewa, wannan kam asibitin dabbobi kai tsaye ba jira.

Ummu Khairat:
Ni fa abin da nake ganin mutane ke mantawa shi ne gidan kansa. Na jikin magen kaɗan ne, macen ƙuma ɗaya tana iya zuba ƙwai har 50 a rana kuma ba sa maƙalewa a gashi, zubewa suke a tabarma da kafet da ƙarƙashin kujera da tsagar siminti, shi ya sa za ki sa magani ki ga kamar bai yi ba alhali sabbi ne ke ƙyanƙyashewa. Tsummokaran da ta haihu a kai ki wanke da ruwan zafi ko ki ƙone su kawai, katifa da tabarma a baza a rana, shara kullum har lungu a kwashe a kai waje. Ki daure wata 3 a jere ko da kin daina ganinsu. In akwai wata magen ko kare a gidan su ma a yi musu lokaci guda, kowa da nasa maganin. Akurkin kaji ma a leƙa, akwai wata ƙumar kaji da ke maƙalewa a bakin kunnen mage.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri, kaji kam muna da su. To na kuma ga wani abu fari kamar ƙwayar shinkafa yana motsi a ƙasan wutsiyarta, shi ma ƙumar ce?

Baba Yaro:
A'a tsutsar ciki ce, amma ta hanyar ƙumar take samunta, in tana lasa ta haɗiye ƙuma mai ɗauke da ita. Ki ce wa likitan ya haɗa miki da maganin tsutsa mai praziquantel gwargwadon nauyinta, ki tafi da ita a kwando a auna ta. Yaran kuma su riƙa wanke hannu in sun taɓa ta.