Dattijo mai zanen allunan talla ya rasu: ta ina za a fara adana aikinsa?

Mai tambaya, Aboabo:
Assalamu alaikum. Wani dattijonmu a nan Kumasi ya rasu yana da shekara casa'in da ɗoriya, Allah ya jiƙansa. Tun kafin 1957 yake rubuta allunan shaguna, daga baya ya yi wa wani kamfanin talla aiki. Ɗakinsa cike yake da alluna na katako da na kwano, da fastocin fim a kan buhun fulawa, da littattafan zane. Iyalansa suna so a nuna wasu ranar sadakar arba'in, a adana sauran. Masana, ku taimaka.

Mai fenti, Asawase:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan'uwa, ku hana kowa wanke komai. Ruwa da sabulu yana kumbura katako, kananzir da tina (ruwan tsinka fenti) kuma suna cin fenti. Buroshi mai laushi, busasshe, ya isa kaɗe ƙura. Inda fenti ya fara ɓarewa ma kada a taɓa. Kada a sake bin rubutun da sabon fenti don ya yi kyau a idon baƙi, hannun Baba ake so a gani. Kada kuma a goge da samfefa, domin tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa tana cutarwa, musamman ga yara.

Allunan a jingine su a tsaye kan katako, kamar santimita 15 daga ƙasa, kuma nesa da bango, saboda gara da laimar damina.

Fastocin buhu su ne abin tausayi. Na gidajen bidiyo ne na shekarun 1980 da 1990, kuma dama sun sha naɗi daga gari zuwa gari. Duk inda aka ninke, nan fentin zai tsage. A samo bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye, a lulluɓe shi da farin ƙyallen auduga wankakke, a naɗe fastar fenti yana kallon waje. In aka naɗe fenti ciki, matsewa yake ya kakkarye. Ban da leda: tana riƙe gumi, sai fumfuna ta kama.

Hajiya, Nima:
Ƙanena, kafin a raba gado a rubuta komai. Kowane aiki a ba shi lamba da fensir a bayansa, ban da biro don yana ratsa takarda. A ɗauki hoton gaba da baya a inuwa, a kashe filashi, a ajiye rula a gefe don a san girma. Littattafan a cire musu ƙusar sitefula da ta yi tsatsa, amma tsohon salatif a bar wa gwani, yana tafiya da fatar takarda. A yi sikanin a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci, don hoton ya fito sosai), a ajiye kwafi uku a wurare daban.

Shekarar aiki kuwa allon da kansa yakan faɗa. Farashi da fam da sule, kafin 1965 ne, shekarar da sidi, kuɗin Gana, ya fito. Dubban sidi a kan ƙaramin kaya, kafin canjin kuɗi na 2007. Lambar waya mai 051, kafin a mayar da ta Kumasi 032. Ku zaunar da almajiransa da ransu, ku naɗi muryarsu suna faɗin wane shago, wane titi, wa ya rubuta wa ya cika launi.

Malam, Sabon Zango:
Akwai batun haƙƙi da ake yawan mantawa. A dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, Act 690, haƙƙin mai zane yana nan tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Amma abin da ya zana a matsayin ma'aikaci ko bisa oda, amfanin kuɗinsa na wanda ya sa shi aikin ne, sai dai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Sunansa a kan aikin kuwa ba mai cire shi. Saboda haka ku ware zanen kamfani daga nasa na kansa kafin a buga wani abu a riga ko kalanda.

Dillalai za su zo neman fastocin, don suna da kasuwa a Turai da Amurka. Kada a sayar da ko ɗaya kafin a gama lissafi, kuma a nemi shawarar malaman zane na KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Ranar arba'in a fito da alluna goma masu ƙwari a ƙarƙashin rumfa, fastocin kuma a nuna hotunansu kawai, don rana tana kashe launi.