Alwatika ta ƙi fita: tsayin santimita 7 ya wuce da'irar

Assalamu alaikum malaman lissafi. Ga wata tambaya da ke yawo tsakanin ɗalibanmu na sakandare a nan Gadarif ta Sudan, ta cije.

An ce a zana alwatika ABC da rula da kamfas kawai, wato masɗara da barjal, ban da minƙala (ma'aunin kusurwa). AB santimita 8, kusurwar C digiri 60, tsayin C daga AB santimita 7.

Na ja AB, na raba shi biyu da layi a tsaye. A kan A na gina digiri 60, na raba ta ta koma 30, layin ya haɗu da na tsaye a O. Kusurwar AOB ta zama 120 ke nan, tunda ta cibiya ninki biyu ce ta bakin da'ira, duk C da ke babban baka za ta ba da 60. OA ya fito kusan 4.62, na ja da'ira mai cibiya a O ta bi ta A da B.

Matsalar a nan take. Layin da na ja daura da AB a nisan santimita 7 bai taɓa da'irar ba. Ƙololuwarta nisan O daga AB ne, 2.31, a tara da 4.62, wato 6.93. Giɓin bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa mai fensir mai kaurin baki yake ganin sun haɗu, har ya sa C a wurin. Ƙaramin baka kuwa 120 yake bayarwa, bai da amfani.

A ganina an yi kuskure wajen buga tambayar. Ko akwai wani gurbin C da ya kuɓuce mini? Idan babu, me ɗalibi zai rubuta a takardar jarrabawa, Malam?