Mashin ɗin da aka yi wa kwalliya yana kashe min baya, ina mafita?

Dan_Gumel:
Salam yan uwa, dan Allah masu harkar mashin ina neman shawara. Na sayi Boxer na hannu a wajen wani yaro, wlh injin lafiya lau, amma ya yi masa irin gyaran nan na samari, ya cire kan da kamfani ya saka ya ɗora wani dogo mai tashi sama, ya sa an zaftare soson sit ɗin ya zama siriri yana kwance, har matakin ƙafa ya kai wa mai walda an turo shi gaba. A ido kam ya yi kyau ba ƙarya. Matsalar ita ce duk Alhamis ina shiga kasuwar Maigatari kuma daga ƙauyenmu zuwa kwalta burji ne da yashi, kafin in isa ƙuguna ya riƙe, yatsun hannun dama sun sage har totur ɗin bana jin sa sosai. Shin in ƙara soso ne ko shokozoba zan canza?

Bakanike_Ringim:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka fara da shokozoba, kuɗi kawai zaka zubar. Zama a kan mashin abu 3 ne suke haɗuwa, inda mazaunanka suke, inda ƙafarka take da inda hannunka yake, in aka taɓa ɗaya sauran sai sun amsa, shi kuma yaron naka duka ukun ya taɓa lokaci guda. Babban laifin ma na matakin ƙafar nan ne. In ƙafarka tana ƙarƙashinka, da ka hango rami sai ka ɗan ɗaga jikinka gwiwa ta shanye bugun, to amma da aka turo shi gaba ai ba ka da abin dogarawa, duk gargadar burjin nan kai tsaye take shiga ƙashin bayanka, sannan dole ka riƙa rataye jikinka da hannu shi ya sa kake damƙe kan da ƙarfi har yatsu su sage. Ga soso an rage, gwiwa ta fi ƙugu tsawo, bayanka ya lanƙwashe kamar mai zama a kujerar tsugunno. Ka fara mayar da matakin inda kamfani ya ajiye shi, da fedar birki da giya duka, sai ka hau ka ji kafin ka taɓa wani abu.

Kan kuma ga yadda ake gwadawa, ka kafe mashin a kan babban jak, ka zauna yadda ka saba, ka rufe ido ka miƙa hannu ba tare da ka ɗaga kafaɗa ba, inda hannun ya sauka nan ya kamata mariƙin ya kasance, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. In ya wuce kafaɗa tsawo a cire shi. Wani lokacin ma ba sai an canza ba, notin nan 4 da suka riƙe shi a tsakiya zaka sassauta ka juyo shi baya kaɗan ka ɗaure, kawai ka duba kar ya bugi tanki in ka karya kan gaba ɗaya.

Mai_Faci_Wudil:
Oga ya gama magana amma ni zan tambaye ka iska nawa ke tayarka. Mutanenmu na ranar kasuwa sai su ce a cika ta tam saboda buhun da zasu ɗauko, a danna da yatsa a ce ta yi, bayan an sauke kaya kuma ba mai ragewa, haka za a yi ta yawo taya na tsalle. A auna da geji. Kuma shok ɗin baya yana da matakala a gindinsa da ake murɗawa, masu dakon kaya suna kai shi na ƙarshe, in kai kaɗai ne a sauko da shi, amma gefe biyun su zama daidai.

Alh_Sani_Babura:
Yaro ni na hau mashin tun zamanin Honda CG 125, abin da zan ce maka shine kar mai ɗinkin sit ya ruɗe ka da soso mai laushi. Daɗinsa na minti kaɗan ne, daga baya ya lotse ka koma kan ƙarfe. Ka ce ya sa mai tauri a ƙasa, mai laushi siriri a sama, ya kuma bar masa faɗi ta baya inda ake zama, ya matse ta wajen tanki don ƙafarka ta riƙa kai ƙasa a cikin yashi. Kuma kar ya yi masa gangare zuwa gaba, in ba haka ba duk birkin da ka taka sai ka zame ka manne da tanki. Walat da waya ma a daina cusa su a aljihun baya ana zama a kai, gefe ɗaya suke karkatar da mutum.

Dan_Gumel:
Allah ya saka da alheri Alhaji, na gode oga. Wani abu kuma da na lura, in na karya kan zuwa hagu sosai sai in ji injin ya ƙara kuka shi kaɗai ban murɗa komai ba, shi ma duk zaman ne?

Bakanike_Ringim:
A'a wannan kam ba na jira bane. Wayar totur ce ta yi gajarta, ya ɗora dogon kai ya bar wayar asali, da ka juya sai ta ja kanta ta ba mashin wuta, a cikin cunkoson kasuwa ga shanu ga yara abin ba zai yi daɗi ba. Duba ta kuloci da ta birkin gaba ma zaka ga sun miƙe tsaf ba sararin motsi. In ka mayar da kan kamfani duk zasu koma daidai, akwai shi a Ƙofar Ruwa in kana da mai shiga Kano, kar dai ka yarda a yanke wannan a sake yi masa walda. In an ɗaura sabon a sunkuyar da libar birki da ta kuloci kaɗan yadda yatsunka zasu sauka a kai ba tare da ka karya wuyan hannu ba. Turo hoton inda aka yi waldar matakin in gani ko an yanke kunnen ƙarfen asali da ake ɗaure matakin a kai ko yana nan.