Duk da takunkumin nan, ina Rasha take samun kuɗin yaƙi?

Ɗalibin Duniya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Malamai, akwai abin da ya shige mini duhu. Da Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, ba a yi mako uku ba aka cire wasu bankunanta daga tsarin SWIFT da bankunan duniya ke aika wa juna kuɗi ta cikinsa, aka riƙe kadarorin babban bankinta na kusan dala biliyan 300, manyan kamfanoni irin su McDonald's suka rufe shagunansu. Kuɗinsu ruble ya faɗi warwas. A lokacin kowane mai sharhi cewa yake ƙasar ba za ta kai ko'ina ba. To ga shi shekaru sun tafi, har yanzu tana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Yukren, kuma ba ta daina ruwan makamai a kan birane ba. Abin yana ci mini rai, don rayuka ne ke salwanta. Takunkumin ne bai yi aiki ba, ko tun farko ba a faɗa mana gaskiya ba?

Mai Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsar ita ce mai. An toshe wa Rasha ƙofofi da yawa, amma ba a toshe wadda kuɗi ke shigowa ta cikinta ba, kuma da gangan aka bar ta. Ƙasar tana cikin uku mafi haƙo ɗanyen mai a duniya. Da a ce an cire manta daga kasuwa gaba ɗaya, farashi zai yi tashin da masu sa takunkumin kansu ba za su iya ɗauka ba. A 2022 ma farashin ya hau, Turai tana ta biya, har rarar cinikin Rasha da ƙasashen waje ta haura dala biliyan 200 a shekarar, abin da ba ta taɓa samu ba.

Sai a Disamba 2022 Tarayyar Turai ta daina karɓar ɗanyen man da ake kawowa ta teku, ƙasashen G7 masu ƙarfin tattalin arziki kuma suka ƙayyade dala 60 kan kowace ganga. Dabarar ita ce duk jirgin da ya ɗauki man da aka saya sama da haka, kamfanonin Yamma ba za su yi masa inshora ba. Rasha sai ta tara tsofaffin tankoki waɗanda ba a san takamaiman masu su ba, suna sauya tuta suna sauya suna. Indiya, wadda a da ba ta cika sayen man Rasha ba, ta koma tana ɗibar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da take shigo da shi daga can. Sin ma ta ƙara yawan wanda take saya. Wani abin takaicin, an riƙa tace man a Indiya yana komawa Turai a matsayin dizal.

Kada kuma ka manta da shugabar babban bankinsu, Elvira Nabiullina. Kwana huɗu da fara yaƙi ta ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 20, gwamnati ta tilasta wa masu fitar da kaya su canza yawancin dalolinsu zuwa ruble. Haka aka tsayar da faɗuwar.

Amma ban yarda a ce bai yi aiki ba. Takunkumi gara ce a jikin azara, daga waje ba ka ganin ɓarnarta. Gazprom, kamfanin iskar gas na gwamnatin Rasha, ta yi asara a 2023, karon farko cikin fiye da shekara 20, bayan ta rasa kasuwar Turai da a da take ba ta kusan kashi 40 na iskar gas ɗin da take shigo da ita. A Oktoba 2024 kuɗin ruwa ya kai kashi 21. Wane ɗan kasuwa ne zai ci bashi a haka ya tsira? Kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin kuɗinsu yana tafiya wurin soja. Bunƙasar da ake gani a takarda, ta tankar yaƙi ce da harsashi, waɗanda ake ƙerawa yau su ƙone gobe.

Tsohon Kofur ya amsa:

Malam ya yi bayanin kuɗi, ni bari in taɓo fagen daga. Putin ya ɗauka Kyiv za ta faɗi cikin kwanaki, sai ga dakarunsa sun janye daga kewayenta a ƙarshen Maris. A Satumba 2022 Yukren ta ƙwato yankin Kharkiv, a Nuwamba ta ƙwato birnin Kherson. Daga nan fagen ya koma na ramuka da nakiyoyi. Bakhmut ta ci wa Rasha watanni da ɗimbin fursunonin da ƙungiyar sojojin haya ta Wagner ta kwaso daga gidajen yari. Avdiivka ba ta faɗi ba sai Fabrairu 2024. Farmakin Yukren na 2023 kuwa a gonakin nakiyoyin Zaporizhzhia ya maƙale.

Yaƙi irin wannan, wanda ya fi yawan mutane da juriyar asara shi ke da rinjaye. Rasha ta ninka Yukren fiye da sau uku a yawan jama'a. Bayan kiran mutum 300,000 da aka yi a Satumba 2022 ya sa dubbai suka gudu daga ƙasar, sai gwamnati ta koma sayen soja da kuɗi mai tsoka, mafi yawa daga yankunan talakawa. Iran ta ba ta jirage marasa matuƙa na Shahed, yanzu da kanta take ƙera su a Tatarstan. Koriya ta Arewa ta ba ta harsasan igwa, har da sojoji da ta tura yankin Kursk na Rasha. Ita kuwa Yukren sai da ta rage shekarun ɗaukar soja daga 27 zuwa 25 a 2024.

Baƙon Zaure ya amsa:

Ni fa ina ganin kuna tsallake tushen maganar. Shekara da shekaru Rasha tana gargaɗi kan NATO da ke matsowa ƙofarta. Wace babbar ƙasa ce za ta zuba ido?

Uwar Yara ta amsa:

Ɗan'uwa, ko da gargaɗin gaskiya ne, bai halatta a ruguza Mariupol a kan mutanen cikinta ba. A 1994 Yukren ta amince ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, Rasha ta sa hannu a Budapest cewa za ta mutunta iyakokinta. Shekara 20 bayan haka ta ƙwace Crimea. In kuma NATO take gudu, ai yaƙin ne ya tura Finland ciki a 2023, Sweden a 2024.

Ni abin da nake so Ɗalibi ya duba shi ne ɗaya ɓangaren. Tattalin arzikin Yukren ya zube da kusan kashi 30 a shekarar farko. Harajin da take tarawa kusan duk wurin soja yake tafiya, albashin malamai da likitoci kuwa da tallafin waje ake rufe shi. Da majalisar Amurka ta yi watanni tana jan ƙafa kan tallafin dala biliyan 61 da za a ba Yukren har zuwa Afrilu 2024, sojojin Yukren ƙirga harsashi suke yi. Fiye da mutum miliyan 6 sun bar ƙasar, akasarinsu mata da yara. Waɗanda suka rage, duk hunturu sai an kai wa tashoshin wutarsu hari, su kwana a sanyin ƙanƙara ba lantarki. Duk da haka sun nutsar da jirgin yaƙin Moskva, sun kori rundunar ruwan Rasha daga yammacin Bahar Aswad, har suka ci gaba da fitar da hatsi ta Odesa bayan Rasha ta fice daga yarjejeniyar hatsi a Yuli 2023.

Ɗalibin Duniya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Malam Mai Lissafi, saura ɗaya: kuɗin nan da aka riƙe, me ya hana a damƙa wa Yukren?

Mai Lissafi ya amsa:

Mafi yawansu suna Beljiyam, a hannun wata cibiyar ajiya mai suna Euroclear. Beljiyam tana tsoron in aka ƙwace, ita za a maka a kotu, wasu kuma suna tsoron ƙasashe su daina yarda da ajiyar dukiyarsu a Turai. Shi ya sa a 2024 G7 ta amince a ba Yukren rancen dala biliyan 50, a riƙa biya da ribar da kuɗin ke haifarwa, uwar kuɗin kuma tana nan a kulle.