Da wace kalma za mu kira lokacin Advent a Hausa?

Mai shirin rediyo: Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. An ba ni minti 15 a rediyo ranar Asabar domin in yi bayani kan lokacin da Ikilisiya ke buɗe shekararta da shi, wato Lahadi huɗu da ke gaban Kirsimeti, kuma dole in miƙa rubutun kafin yammacin Alhamis. Na rubuta "Lokacin Zuwa", amma da na karanta wa mahaifiyata sai ta dakata da tsintar shinkafa ta ce, "Zuwan wa?" Tun daga nan hankalina bai kwanta da kalmar ba.

Ɗan seminari (mai koyon aikin Fada): Mama ta yi gaskiya. Asalin kalmar Latin ce, adventus, wadda Romawa ke nufin isowar sarki cikin gari da ita. Zuwa biyu muke tunawa: daga Lahadin farko har 16 ga Disamba karatu ya fi karkata ga dawowar Ubangiji a ƙarshen zamani, daga 17 zuwa 24 kuwa ya koma kan haihuwarsa. "Lokacin Zuwan Almasihu" ya ɗauke su duka.

Malamar makarantar Lahadi: Yara a ajina sun fi gane "Lokacin Jira". Na kuma ji wasu na cewa "ƙaramin azumi" saboda shunayyar rigar Fada irin ta lokacin azumi, amma wannan kuskure ne, domin ba a wajabta azumi a cikinsa ba, kuma ana ci gaba da rera Halleluya.

Tsohon katikis (mai koyar da addini a coci): 'Yata, jira na tashar mota ne, inda mutum ke zaune ya naɗe hannu. Shekaru da yawa ina koyar da "Lokacin Tarba", kuma ban sami wadda ta fi ta ba. Idan an ce babban baƙo na tafe, ba wanda ke zama. A share tsakar gida, a cika randa, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a shirya da maƙwabcin da ake gaba da shi don kada baƙo ya tarar da gida a hargitse, sannan a fita har bakin hanya. Addu'ar buɗe Misa ta Lahadin farko ma roƙo take a ba mu niyyar fita da gudu mu tarbi Almasihu da ayyukan adalci. Budurwai goma na Matiyu sura 25 tarbar ango suka fita da fitilunsu. Mutumin da ya ji "tarba" ya san ana so ya je ikirari, wato furta zunubansa ga Fada, ya biya bashin da ke kansa.

Shugaban mawaƙa: Baba, da girmamawa, mun karɓi Kirsimeti da Ista da Baftisma ba tare da gardama ba, don me Adbent kaɗai za mu kora? Ban da haka, a wasu wurare "tarya" ake cewa, ba "tarba" ba.

Tsohon katikis: Ɗana, kowace kalma sai mu ara, har masu sauraro su ɗauka bangaskiyarmu baƙuwa ce a harshen nan? Tun 1932 ake da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma mun iya cewa Larabar Toka da Idin Ƙetarewa ba mu nemi aro ba.

Shugaban mawaƙa: Abin da ke damuna shi ne yadda ake auna Hausarmu ta Jos da Kafanchan da ma'aunin Kano, kamar ba da ita muka yi addu'a tun kakanninmu ba.

Malamar makarantar Lahadi: Ba wanda ya raina Hausar kowa a nan. Ɗan'uwanmu yana da rubutun da zai miƙa ranar Alhamis.

Mai shirin rediyo: Na gode muku. Zan sa "Lokacin Zuwan Almasihu" a matsayin suna, in ambaci Adbent sau ɗaya domin waɗanda suka saba da shi, sannan in gina bayanin a kan tarbar baƙo kamar yadda Baba ya kwatanta.

Tsohon katikis: Ka sa tarba a bayani ka hana ta zama suna, to, na ji. Ni dai a ajin katikisim na ranar Lahadi "Lokacin Tarba" zan rubuta a allo.