Shawarar dattawan Jekadafari kan yara da taba

Bayan la'asar aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa a Jekadafari, Gombe, kan samarin da suka fara busa taba. Abin da dattawa suka fi nanatawa: a daina aiken yaro sayo sigari. Yau ya kawo wa uba kara biyu a tafin hannu, gobe nasa zai sayo.

Wani malami ya ce dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta hana sayarwa kara-kara, amma masu tebur ko a jikinsu. Aka ce mai unguwa ya ja musu kunne.

Iyaye kuma su san majalisar da yaro ke zama bayan isha'i. A shinshina rigarsa, don minti baki kawai yake rufa wa asiri.